Sharhi a Kan Hotunan Kalandar Samarinmu ta Bana



Kalandar da ƙungiyar samarin unguwarmu ta fitar ta shiga hannun jama'a. Yanzu da wuya ka shiga shago ko zaure a nan Madakiya ba ka gan ta a rataye ba, har a kasuwar Kafanchan na gan ta a rumfunan 'yan'uwa. Shafi 12 ce, kowane wata da hotonsa, kuma duk hotunan yaranmu ne suka ɗauka da kyamarar dijital ɗin nan da aka yi karo-karo aka saya musu bara. A da sai dai a ɗauko mai hoto daga cikin gari, ya yi aikinsa a gurguje, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wannan karon 'ya'yan gida ne suka riƙe kyamara, kuma wannan kaɗai ya isa a ce musu sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka.

To amma yabo kaɗai ba ya gyara aiki, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malam Edita ya nemi in duba hotunan in faɗi abin da na gani. Ni ba mai hoto ba ne. Yadi nake sayarwa, shekara 30 ke nan da ɗoriya, in kuma liman ba ya nan in ja wa mutane salla. Sai dai mai yadi da mai hoto duk da haske suke cin abinci, kuma ina da 'yar ƙaramar kyamara da na daɗe ina tattaɓawa. 'Ya'yana samari, ku karanta da sanyin zuciya. Ba zan kama sunan kowa ba, wata zan kama.

Ma'aunin da na yi awo da shi

A makarantar Islamiyya an karantar da mu sharuɗɗan shaida: mai ba da ita sai ya ga abu da idonsa sarai, sannan ya faɗe shi yadda yake, ba ƙari ba ragi. Ni a wurina hoto shaida ne. Saboda haka duk shafin da na buɗe, tambayata ita ce: yaron da za a haifa nan da shekara 40, in ya ɗauki wannan takarda, zai gane su wane ne a ciki, a ina aka tsaya, kuma yaushe?

Wannan tambaya tana da nauyi a wurinmu. Tun da layin dogo ya haɗe a Kafanchan a 1927, garin ya zama mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos, mutane suka yi ta zuwa, wasu aikin reluwe, wasu fatauci, wasu almajiranci, wasu kuma kakanninsu sun riga jirgin ma zuwa wannan ƙasa. Amma ka zaga gidajenmu ka ce a nuna maka hoton kakan kaka, ko hoton masallacin unguwa tun yana na jinka, ka ga gida nawa za su iya. Ɗan abin da aka tara ma gobara da gudun tashin hankali sun ci da yawa, musamman a watan Afrilun 2011 da kasuwar Kafanchan ta ƙone, kowane ɓangare ya yi asara, Allah kada ya maimaita mana. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar albam. Unguwar da tarihinta yake a bakin tsofaffi kawai, duk tsohon da aka kai makwanci an tafi da wani yanki nasa. Shi ya sa ban ɗauki wannan kalanda wasan yara ba.

Afrilu: riguna sun fito, mutane sun ɓace

Zan fara da hoton da ya fi taɓa ni. Dattawa 9 ne a jere a bakin filin Idi ranar Ƙaramar Sallah, kowa cikin farar shadda, wasu da rawani. Aikin wuyan riguna ya fito, har ana iya ƙirga zare. Amma duba fuskokin: duhu ne ɗunɗum a ƙarƙashin hula, ba ido ba hanci. Na uku daga dama shi ne dattijon nan tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya girmi kowa a unguwa. Wata 2 bayan ɗaukar hoton Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Iyalinsa sun nemi a ƙara musu girman hoton su ajiye, aka duba, sai hula da riga. Wannan asara ce da ba a mayarwa.

Me ya jawo haka? Kyamara tana da ma'aunin haske a cikinta, kuma wannan ma'auni bai san mutum ba, bai san riga ba. Tattara duk hasken da ke gabansa yake yi, ya nemi tsaka-tsaki, wato kamar launin toka. In farar shadda ta cika masa ido sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Farar riga ta koma toka-toka, baƙar fuska kuwa ta nutse gaba ɗaya. Ga shi an ɗauki hoton wajen ƙarfe 11 na rana a tsakiyar bazara, rana tana bisa kai, hula da rawani suna zuba inuwa a kan ido.

Maganin bai kai kuɗin goro ba. Akwai mangwaro a gefen filin, ana ma ganin reshensa a kusurwar hoton. Da an roƙi dattawa su ɗan matsa taku 10 zuwa bakin inuwa, su fuskanci sarari, da an ga kowa. Mu masu yadi mun san wannan: mace mai sayen atamfa da ta san abin da take yi ba ta yarda da hasken ƙwan lantarki na cikin shago, kuma ba ta fita tsakiyar rana. A bakin ƙofa take tsayawa ta ware turmin, don a nan launi yake faɗin gaskiya. Fuskar mutum ma haka take.

In babu inuwa, akwai maɓalli a jikin kyamarar mai alamar + da −. Wannan shi ne inda kake gaya mata ta yi kuskuren awo. In farare sun yi yawa a gabanka kuma fuska kake so, ka kai shi +1, ka ɗauka, ka duba. Sannan akwai dabarar da masu koyo suke mamaki: kunna filasha da rana tsaka. In mutum bai fi mita 2 ko 3 daga gare ka ba, filasha takan cike inuwar da ke ƙarƙashin hula. In kuma da zaɓi, a ɗauki hoton mutane da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ta kwanta gefe. Kuma kafin ka sallami dattijo, ka buɗe hoton a allon kyamara, ka jawo fuskarsa ka gani. Amfanin dijital ke nan a kan fim. Masu hoton da, sai bayan kwanaki an wanke suke sanin abin da suka ɗauka. Kai a tsaye a wurin za ka sani, ba ka da uzuri.

Kada wani ya ce ai kyamarar ce ƙarama. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Saidu Keita, wanda asalinsa kafinta ne. Ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, kuma yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken Allah, har da zanen gadonsa ya fara yin labulen baya. Sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa mutum saboda tsadar fim. Ya rasu a 2001, amma har yau ana baje hotunansa a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Mutanensa baƙaƙe ne kamar mu, cikin manyan riguna kamar namu, kuma kowace fuska ta fito tas. Inda zai tsayar da mutum ya sani.

Maris da Mayu: girgiza da makara

Hoton Maris na walimar saukar karatu ne a cikin ajin Islamiyya. Niyya ta yi kyau: yarinya tana karatu, malaminta yana saurare, iyaye a baya. Amma komai ya yi biyu-biyu, kamar mai kallo da hawaye a ido. Wasu sun ce gilashin ne ya yi datti. A'a, hannu ne ya motsa.

Bari in ɗan yi bayani, don wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin. Malaminmu Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Ya yi gwaji da ɗaki mai duhu da 'yar kafa a bango, hasken waje ya shigo ya zana sura a ɗaya bangon. To kyamara wannan ɗakin ce aka ƙanƙanta, aka yi wa kafar ƙyaure mai buɗewa ya rufe. In haske ya wadata, ƙyauren yakan buɗe na ɗan ƙiftawa, kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa. In wuri da duhu, dole ya daɗe a buɗe kafin haske ya taru, kuma duk motsin da aka yi a wannan tsakani sai ya zanu. Lambar tana fitowa a allon kyamara. In ka ga 1/250 ko 1/125, kana lafiya. In ta sauka ƙasa da 1/60, hannun ɗan Adam ba abin dogaro ba ne. Hoton Maris, ina kyautata zaton 1/8 ne ko kusa da haka.

Abin yi shi ne a buɗe tagogi da ƙofa, a zaunar da yarinyar kusa da taga, hasken ya zo mata ta gefe. Kada taga ta kasance a bayanta, in ba haka ba matsalar Afrilu ta dawo. Mai ɗauka ya manna gwiwar hannuwansa a haƙarƙari, ya jingina da bango, ya danna a hankali kamar mai ɗiga magani a ido. Ko ya ɗora kyamarar a kan benci ya sa mata agogon jinkiri na daƙiƙa 2, ta ɗauka da kanta ba mai taɓa ta. Akwai kuma lambar ISO, wadda take ƙara wa kyamara saurin jin haske. A waje da rana 100 ya isa, a cikin aji a kai ta 800. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki, amma gara tsaki da a rasa fuska.

Hoton Mayu na hawan Sallah ne a Kafanchan, kuma abin da muka samu shi ne gindin doki da wutsiya, mahayin ya riga ya fice. Ƙananan kyamarori suna da ɗan jinkiri tsakanin dannawa da ɗauka, domin sai sun nemi inda za su kafa ido. Maɓallin ɗauka hawa biyu gare shi. Ka danna rabi tun dokin bai iso ba, kana auna wurin da zai bi, ka riƙe a haka. Da ya shigo sai ka ƙarasa. Ka juya kyamarar zuwa alamar mutum mai gudu, ita ce ke sa ƙyaure ya yi sauri. Ka kuma bar sarari a gaban dokin. Maharbi ma gaban tsuntsu yake auna.

Janairu: ba aljanu ba ne

Hoton wa'azin dare ya jawo surutu a majalisa, saboda waɗansu fararen ƙwallaye da suka cika sama a cikinsa. Har na ji ana cewa aljanu ne suka zo sauraron karatu. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Ƙurar hunturu ce. Filasha tana dab da gilashin kyamara, da ta haska sai ƙwayoyin ƙurar da ke yawo a gaban gilashin su mayar da hasken, su fito manya-manya don sun yi kusa ainun. Ka kaɗa buhun siminti ka ɗauki hoto da filasha, za ka samu irin waɗannan aljanu cike da shago.

Babban aibin hoton ma ba wannan ba ne. An tsaya can bayan taro aka haska filasha, sai ta haske ƙeyar mutum 3 da ke gaba, malamin da aka zo dominsa yana can cikin duhu. Filashar ƙaramar kyamara ba ta wuce mita 3 zuwa 4, kuma in nisa ya ninka biyu, kashi 1 cikin 4 na hasken ne yake isa. Da an nemi izini an matsa gefen malamin, an kashe filasha, an yi aiki da fitilar janaretan da ke kansa, da an samu hoto mai kwarjini.

Agusta, Yuli da Satumba: inda aka tsaya

Ruwan Matsirga yana nan kusa da mu, baƙi suna tasowa daga nesa don su gan shi, kuma a Agusta yake cika ya batse. Amma wanda bai san wurin ba, in ya kalli hotonmu, zai ce bakin kwalbati ne bayan ruwan sama. Babu wani abu a ciki da ido zai auna tsayi da shi. Da an sa mutum ɗaya ya tsaya daga gefe, a wurin da ba santsi, da girman ruwan ya bayyana. Sannan hoton ya karkace, kamar ruwan yana zuba a kaikaice. A cikin kyamarar akwai inda ake kunna layukan da ke raba allo gida 9. A kunna su a bar su, suna taimakawa wajen miƙe hoto, kuma suna tuna wa mutum cewa ba dole komai ya zauna a tsakiya ba.

Na kuma lura an jawo ruwan da zum daga nesa har ya dagargaje. Zum iri biyu ne. Akwai na gilashi, wanda za ka ga hancin kyamara yana fitowa, wannan ba ya ɓata komai. In ya ƙare sai na lissafi ya karɓa, shi kuwa yanko tsakiyar hoto kawai yake yi ya buɗa shi, kamar a ja yadi 3 a ce sai ya yi babbar riga. A kashe shi. In abu ya yi nisa, ƙafa ita ce zum.

Hoton Yuli na tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya yi kyau ƙwarai. An ɗauke shi bayan an ɗauke ruwa, sama da lumshi, ƙarafan dogo suna sheƙi suna jan ido zuwa can ƙarshe, kuma sunan garin ya fito a jikin allo. Ko ba a rubuta komai ba an san ina ne. Aibinsa ɗaya: yaron da ke tsaye a ciki, turken waya ya tsiro masa a tsakiyar ka. Taku ɗaya zuwa hagu ya isa ya raba su. Mai koyo mutumin kawai yake kallo, kyamara kuwa har leda da bola da shanyar da ke bayansa take kwashewa. Kafin ka danna, zaga da idonka kusurwa huɗu.

Na Satumba, yara ne suna wasan langa, amma an ɗauke su daga tsaye, sai kawuna manya da ƙafafu ƙanana. Mai son hoton yaro sai ya durƙusa.

Oktoba: shaidar da aka yi wa kwaskwarima

Wannan shafi na shugabannin ƙungiya ne, kuma a nan zan ɗan ɗaga murya. An bi fuskokin da kwamfuta an goge, an ƙara musu fari, har sun koma kamar 'yan tsanar shagon tela. Ɗaya daga cikinsu yana da zanen gado a kumatu, irin na gidansu, wanda duk wanda ya gani ya san ɗan wane ne. An share shi. Haba samari! A zamanin fim, kamfanin Kodak ya shekara da shekaru yana daidaita launin wankin hoto da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, baƙar fata kuwa ta fito yadda ta ga dama. Wancan wasu ne suka yi mana. Yanzu kyamara tana hannunmu, sai mu da kanmu mu ce launin da Allah ya ba mu bai yi ba? A gyara haske in ya gaza, a miƙe hoto in ya karkace, wannan ba laifi. Amma canza halittar mutum ƙari ne a cikin shaida, kuma jikokinsa wani mutum daban za su gani.

A nan zan haɗa da maganar bugu. Shafuka da dama sun fito da ɗan gida-gida a gefen fuska, kuma na ji ana cewa sai an sayi kyamara mai megafiksel da yawa. Tamu 16 gare ta. Hoto mai inci 4 da 6 megafiksel 2 yake buƙata, cikakken shafi irin na takardar ofis kuwa wajen 9. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, ko kashi 1 cikin 50 na megafiksel ɗaya ba ta kai ba, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda. Abin da ya faru da namu shi ne an tura wa mai bugu hotunan ta WhatsApp, shi kuwa matse hoto yake yi don ya rage cin data. A kai memori hannu da hannu, ko a tura ta ɓangaren fayil, yadda hoton zai isa da cikarsa. Kada a sake tara wa mutane kuɗi a kan abin da ba shi ne ciwon ba.

Disamba: wanda ya ci tuta

Na ajiye mai daɗin a ƙarshe. Hoton Disamba na shanyar citta ne. An tsaga ta an baza a fili, wani manomi Bajju yana tsugune ya ɗebo cike da hannu, wani ɗan kasuwarmu ya sunkuya yana karya ɗaya don ya ga bushewarta. Ba wanda ya kalli kyamara. Rana ta yi gora, hasken ya zo ta gefe, hazon hunturu ya tausasa shi, har ana ganin gurzar cittar da jijiyoyin hannun manomin. Can baya, a dishi-dishi, ga duwatsun Kagoro. Mai ɗaukar ya durƙusa daidai da su, ya matso kusa, ya jira har bakin manomin ya fara murmushi, da alama an zo wajen farashi.

Wannan hoto ya amsa tambayata duka. An ga mutane, an san ƙasa, an san lokacin shekara. Ya kuma faɗi wata gaskiya game da zamanmu a nan wadda jaridun nesa ba sa bugawa, su da ba sa tunawa da kudancin Kaduna sai an yi rikici. Wanda ya tuna 2023, shekarar da cuta ta cinye gonakin citta a wannan yanki, manomi da ɗan kasuwa suka yi kuka tare, ya san darajar ganin wannan shanya. Kyamarar da ta ɗauki Afrilu ita ta ɗauki Disamba. Bambancin haƙuri ne da sanin wurin tsayawa. Sauran watannin 3 da ban ambata ba, ba yabo ba fallasa: jerin mutane ne an ƙame ana kallon gaba, kamar hoton katin zaɓe.

Abin da babu, da abin da ya kamata a kiyaye

Babu ko shafi ɗaya da aka rubuta sunayen waɗanda ke ciki, ko wuri, ko ranar ɗauka. Yau mun san su, gobe fa? Layi biyu a ƙarƙashin kowane hoto sun isa. A kuma saita kwanan wata da agogon cikin kyamara, domin tana liƙa wa kowane hoto ranarsa a ɓoye, in saitin ya karkace duk tarihin ya karkace.

Sannan ina maƙera, ina mahauta, ina masu gyaran babur? Ina tsofaffin matan da suka yi unguwar zoma ga rabin mutanen unguwar nan, in sun yarda kuma iyalinsu sun yarda? Ina tsofaffin gidajen ƙasa da ake rushewa kullum ana sa bulo? Abin da ido ya saba da shi, shi ne yake fara ɓacewa ba a lura ba.

Game da ajiya, memori ba rumbu ba ne. Yakan lalace, yakan ɓata, yaro yakan goge shi da dannawa ɗaya. Kowane hoto mai muhimmanci a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a wani gida daban, waɗanda suka fi kyau kuma a wanke su a takarda. Mu da muka ga gobara ba sai an yi mana dogon bayani ba. Gilashin kyamara kuma, musamman da hunturu, a hure ƙurar tukuna sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. Bakin riga yana karce shi.

Na san akwai masu tambayar hukuncin hoto shi kansa. Malamai sun yi saɓani a kai, kowane ɓangare da hujjarsa, kuma ba nan ne wurin warware wannan ba. Wanda ya ce kada a ɗauke shi, a girmama shi, kada a ɗauke shi a sace. Wanda bai son ratayawa a ɗakinsa, kada a yi masa gori. Amma akwai abin da ba saɓani a kansa: ba a ɗaukar matar mutane ba izini, ba a ɗaukar gawa ko wanda ya yi haɗari ana yaɗawa, ba a ɗaukar mai karɓar sadaka don a nuna. In an je bikin maƙwabta, kamar Afan da Kagoro suke yi ranar 1 ga Janairu, a yi sallama a nemi izini kamar yadda muke so a yi mana. A ƙasa irin tamu, hoto ɗaya da aka tura ba tunani yana iya tayar da abin da dattawa za su shekara suna kashewa.

Shawarata ga ƙungiya ita ce kafin kalandar baɗi, duk wanda zai riƙe kyamarar ya yi wannan darasi: ya samu mutum ɗaya cikin farar riga, ya ɗauke shi da hantsi, da azahar, da bayan la'asar, a rana da kuma a bakin inuwa, sannan ya jera hotunan 6 ya kalla. Abin da zai koya a wannan yini ya fi duk abin da na rubuta. Bayan haka a yi jerin dattawan unguwa, maza da mata, a fara da wanda ya fi tsufa, a bi su gida-gida da yamma, a zaunar da kowa a bakin zaurensa, a ɗauke shi yadda za a gane shi, a rubuta sunansa da na mahaifinsa da shekarar da gidansu ya zo. Kada a jira Sallah.

Allah ya yi wa samarinmu albarka, ya ƙara musu basira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.